Wa Ke Juya Mutanen Yumɓu?

Ranar Talata da safe abin ya fara, kuma Genta ne ya fara gani. Wannan ganin shi ya zame masa laifi daga baya.

Kullum shi yake riga kowa zuwa aji, ba kuwa don ƙwazo ba. Jirgin fiton da yake ɗauko shi daga tsibirinsu ƙarfe bakwai da kwata yake tsayawa a gaɓa, makaranta kuwa tafiyar minti biyar ce daga nan. Sai ya tuɓe takalmansa na waje, ya sa farare na cikin gini, ya hau bene, ya zauna shi kaɗai a aji uku har rabin sa'a, babu motsin komai sai kumfar da take tashi a tankin kifin aji.

A kan kantar bayan aji gidaje shida ne a jere, aikin mako uku. Malama Kuramochi ta raba yara huɗu-huɗu, ta ce kowane rukuni ya gina gidan mutanen wata ƙasa. Akwai gidan ƙanƙara da aka haɗa da kwalayen madara. Akwai gida mai dogayen ƙafafu, yana tsaye cikin ruwan shuɗiyar takarda. Akwai gidan jar ƙasa na Afirka mai tsinaye a kusurwoyin rufinsa, waɗanda yara suka dage kunnuwan zomo ne. Rukuni na huɗu, wato su Genta, zagayayyen tantin makiyayan Mongoliya suka samu.

Genta yana son tantin nan, irin son da ba ya faɗa wa kowa. Shi ya yi rufin, da tsinkayen cin abinci talatin da biyu, ya ɗaure su ɗaya bayan ɗaya da ƙullin masunta da babansa ya koya masa, har rufin yana ɗaguwa kamar murfin tukunya. Ran Asabar iyaye za su zo kallo, kuma rabonsa a ranar shi ne ya ɗaga rufin ya yi bayanin abin da ke ciki. Babansa, wanda tun da Genta ya shiga makaranta bai taɓa taka ƙofarta ba, ya ce ran Asabar ba zai fita teku ba. Sau ɗaya ya faɗa, yana gyaran koma, bai ko ɗago ba. Genta kuwa ya maimaita maganar a ransa ya fi sau ɗari.

A cikin tantin mutanen yumɓu huɗu ne a kwance. Malama ta ce gida ba ya zama gida sai da mutane, don haka kowa ya ƙera mutum ɗaya daga gidansu ya sa a ciki. Genta ya yi babansa, da jan tawul ɗaure a ka. Kanna, shugabar rukuni, yarinya mai baki kamar almakashi, ta yi ƙaninta jariri. Shiori, wadda sai ka kasa kunne kafin ka ji muryarta, ta yi mamarta, da dogon gashi na baƙin zare. Fumiya kuwa kansa ya ƙera, har da tabarau. Da aka yi masa dariya ya ce, "To ai ni ma ɗan gidanmu ne."

Fumiyan ne ya aro littafi daga laburare, ya zo da kamfas mai nuna arewa. Littafi ya ce ƙofar tanti kudu take kallo, masu barci kuma kansu arewa, ƙafafunsu wajen ƙofa. Haka suka kwantar da su ranar Litinin, Fumiya na tsaye a kansu da kamfas a tafin hannu.

Da Genta ya ɗaga rufi ranar Talata don ya gai da babansa, sai ya tarar an juya su. Duk huɗun. Kawuna wajen ƙofa, ƙafafu arewa, an ja wa kowanne bargo har wuya.

Yana nan tsaye da rufin a hannu su Kanna suka shigo.

"Wa ya taɓa mana gida?" in ji Kanna, tun ba ta sauke jakarta ba.

"Haka na same su."

"Haka ka same su. Kai kaɗai. Ba kowa a ajin."

"To da wa kike so in same su? Da kifi?"

Fumiya ya tura tabarau sama, ya leƙa. "Wannan kuskure ne. Littafi ya ce..."

"Mun ji, Malam Littafi-ya-ce," Kanna ta katse shi, amma idonta na kan Genta. "Ɗan tsibiri, in wasa ne ba dariya."

Suka mayar da mutanen yadda suke. Shiori ta riƙe bargunan.

Ranar Laraba aka sake. Wannan karon Genta bai ko taɓa rufin ba, ya zauna a kujerarsa, hannuwa a ƙarƙashin cinya, har kowa ya zo. Bai amfane shi ba. Kanna ta ɗaga rufin da kanta, ta ga kawuna a ƙofa, ta juyo a hankali.

"Yau kuma zama ka yi kamar mutumin kirki. Jiya ka tsaya a kai, yau ka yi nisa. Ka ɗauka ba mu da wayo?"

"In na tsaya laifi, in na zauna laifi. To in yi yaya, in tashi sama?"

Suka kai ƙara wurin Malama Kuramochi. Ta saurare su har ƙarshe, tana jera takardu, sannan ta ce abin da take cewa kullum: "Ku rukuni ne. Ku warware tsakaninku. In ya gagara, ku kawo shi taron tashi."

Genta ya san abin da wannan yake nufi. Taron tashi minti goma ne kacal a ƙarshen kowace rana, bayan an goya jakunkuna. Ɗalibai biyu masu aikin ranar sukan tsaya gaban allo su ce, "Akwai mai magana?" Sai wani ya ɗaga hannu ya kira suna. Wanda aka kira ya miƙe, ya saurari laifinsa a gaban mutum ashirin da uku, ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri. Sau biyar Genta ya miƙe a wannan zangon. Uku dai shi ya yi laifin.

Daga nan ya shiga zargin kowa. A lokacin cin abinci ya zuba wa Fumiya ido, yadda yake tsince karas daga miya yana jerawa a gefen kwano, ya ce a ransa: shi ne. Yana juya su ne don kullum da safe ya fito da kamfas a kalle shi. Lokacin shara kuma, yana tura tsumma a ƙasa da hannu biyu, sai ya hango 'yan rukuni na uku, masu gidan ƙanƙara da ya karkace, suna ƙus-ƙus suna kallon tantin, ya ce a'a, waɗannan ne, baƙin ciki suke yi. Har Malama bai bari ba, ko jarraba su take yi? Shiori ma ya dube ta sau ɗaya, ya ga tana kwashe wani ƙwaro a takarda tana fitar da shi ta taga don kada a taka shi, ya kawar da kai. Amma wadda zuciyarsa ta fi tsayawa a kanta ita ce Kanna. Tun ranar da aka raba rukuni ta ce a gaban kowa, "Kash, mu aka ba mai ƙarnin kifi." Wa ya fi ta son a cire shi? Kuma wa zai zargi mai zargi?

Kafin a tashi ranar, Kanna ta barbaɗa garin alli kewaye da tantin, siriri, don duk wanda ya taɓa ya bar sawun yatsa.

Ranar Alhamis babu alli ko ƙwaya. An goge kantar tas da jiƙaƙƙen tsumma. Mutanen sun juya. Hannun jaririn Kanna kuma ya karye daga kafaɗa, an naɗe shi a 'yar takarda mai laushi an ajiye a gefensa.

Kanna ba ta yi ihu ba, abin da ya fi ba Genta tsoro ke nan. Ta ɗauki ɗan hannun a tafinta, hawaye suka cika mata ido amma ta hana su zuba.

"Watansa huɗu," ta ce. "Me ya yi maka?"

"Kanna-chan," ya ce, da ɗan ƙarin da ake liƙa wa suna a wurinsu, "na rantse ban..."

"Kada ka kira sunana. Na ba ka zuwa gobe. Ka amsa da bakinka. In ba ka amsa ba zan ɗaga hannu a taron tashi, in ce rukuni na huɗu ba ya son ka ran Asabar. Fumiya zai ɗaga rufin."

"Ni ban iya ba," in ji Fumiya a hankali. "Yana sulluɓe mini."

"Za ka koya!"

Genta ya hango abin a idonsa kamar yana faruwa. Babansa a bayan aji cikin iyaye, sanye da rigar da ba ya sawa sai zuwa biki, wuyanta ya matse shi, yana neman ɗansa a gaban allo, ɗan kuwa yana zaune a kujera shi kaɗai. Ya san babansa ba zai yi faɗa ba. Zai dai gyaɗa kai, su koma jirgi, kuma ba zai ƙara barin teku don makaranta ba.

Da aka tashi ya fita tare da kowa har bakin ƙofar makaranta, ya sunkuya ya yi wa Malama sallama, ya nufi gaɓa. A bayan shagon mai sayar da busasshen kifi ya tsaya, ya ƙirga ɗari biyu, ya dawo ta ƙofar filin wasa. Ya hau bene da safa. Ajin ba kowa, kujeru a kife kan tebura. Ya buɗe dogon kabad na ƙarfe da ake ajiye tsintsiya, ya shige tsakanin sanduna, ya ja ƙofar.

Ciki warin jiƙaƙƙen tsumma ne da tsatsa. Ta 'yan tsagogin ƙofar yana ganin kantar da tantin. Can ya ji jirginsa ya yi kuka a gaɓa, sau biyu, yana tafiya ba shi. Bai taɓa rasa jirgi ba. Ƙafarsa ta yi sanyi ta mutu. Rana ta karkata ta shigo ta tagogi, ta mayar da farin ƙyallen tantin ruwan zuma, har ya yi kyau irin wanda yake sa mutum jin kuka ba dalili. Ya shirya abin da zai ce wa Kanna in ta shigo. Ya shirya shi sau uku, kowanne ya fi na baya zafi.

Ƙofar aji ta zame a hankali.

Ba Kanna ba ce. Shiori ce, ba jaka, takalmanta a hannu. Ta tsaya tana sauraro, sannan ta wuce kai tsaye wurin tantin. Ta sa yatsu biyu a ƙarƙashin zoben rufin ta ɗaga, daidai yadda shi ya nuna musu. Mamarta ta fara ɗauka. Ta shafa gashin zaren, ta juya ta, ta ja mata bargo. Sai Fumiya. Sai jaririn, da hannu biyu, tana ce masa, "Yi haƙuri, yi haƙuri." Da ta kai hannu kan mai jan tawul, Genta ya banko ƙofar kabad, bokiti ya biyo shi ya yi ta gangara yana ƙara.

Shiori ta durƙushe a ƙasa, ta rufe kanta da hannuwa.

"Ke!" Muryarsa ta fashe. "Ke ce? Ke?"

Ba ta ɗago ba.

"Kwana uku ana zagina kina tsaye! Kina riƙe bargo! Me na yi miki? Ko ke ma ƙarnin kifin ne ya dame ki?"

"A'a."

"To mene ne?"

Ta faɗi wani abu da bai ji ba.

"Ɗaga murya, ni ba ƙwaro ba ne!"

"Kansu na arewa," ta ce.

Genta ya juya ya kalli tantin. Ya san wannan. Wa bai sani ba? A ƙasarsu gawa ake kwantarwa kai arewa, mai rai ba ya kwana haka. Sau nawa mamarsa ta ja shimfiɗarsa da shi a kai, ta juya ta, tana cewa ba ta haife shi don ya yi mata kwanan matattu ba? Shi dai bai taɓa kawowa a ransa cewa mutumin yumɓu ma barci yake yi ba.

"Ai yumɓu ne," ya ce, amma muryar ba ƙarfi.

"Bara da Kaka ya rasu ina ɗakin. Suka ɗaga shimfiɗarsa su huɗu suka juya." Ta faɗa tana kallon ƙasa. "Mama tana asibiti a birni. Tun kafin damina. Shi ya sa nake zama a ɗakin jiran yara a ƙasa har Baba ya taso daga aiki. Ran Litinin da Fumiya-kun ya kwantar da ita haka, na kasa cin abinci. Ina rufe ido sai in ga mutum huɗu sun kama shimfiɗa."

"To ki faɗa mana mana!"

"Zai ce littafi ya ce. Kanna-chan kuma za ta ce me ya dame ki, sai ta tono. Baba ya ce kada in faɗa a makaranta. Ya ce za a riƙa kallona." Ta ɗago a karon farko, idanunta jajur. "Ba na so a riƙa kallona, Genta-kun."

"Ni da ake kallo fa?"

"Na sani."

"Kin sani kika yi shiru."

"Na sani," ta sake cewa, hawaye suka ɓalle mata.

Ya so ya ƙara jin haushi, ya nemi haushin ya ga ya ragu. Ya harbi bokitin a hankali. "To me ya sa duka? Ki juya taki ki bar na mutane."

"In ita kaɗai na juya za a gane." Ta goge hanci da bayan hannu. "Kuma babanka yana shiga teku."

Genta ya dubi cikin tantin. Uku sun juya. Mai jan tawul kaɗai ya rage, kansa arewa, bargo har wuya, shiru. Bai san lokacin da hannunsa ya shiga ya juya shi ba.

"Gobe za ki faɗa," ya ce.

"Ba zan iya ba."

"To ni zan faɗa."

Ta dube shi, irin duban da shi ya yi ta yi wa mutane kwana uku, tana auna shi, tana neman inda zai cuce ta. Bai yi mata alkawarin komai ba. Ya mayar da rufin ya fita.

Jirgin biyar saura ya hau. Mamarsa tana tsaye a gaɓar tsibiri, hannu a ƙugu, tun jirgin bai tsaya ba ta fara. Bai ji rabin abin da ta ce ba.

Ranar Juma'a abin ya ƙara lalacewa. Wani ɗan rukuni na uku ya gan shi jiya yana fita daga makaranta bayan ƙarfe huɗu, kafin a shiga aji labari ya zaga. Kanna ta ɗaga rufi, ta ga abin da ta san za ta gani, ta mayar da mutanen kai arewa da kanta, ta rufe. Ba ta ce masa uffan ba duk yinin. Fumiya ya yi ta gwada ɗaga rufin a hutun rana, sau biyu yana faɗo masa. Shiori kuwa duk inda Genta ya juya sai ya ji idonta a ƙeyarsa.

Aka goya jakunkuna. Masu aikin ranar suka tsaya gaban allo.

"Akwai mai magana?"

Hannun Kanna ya miƙe kamar sanda. Ta tashi, ta jera komai tiryan-tiryan: Talata, Laraba, allin da aka goge, hannun jariri, da ganinsa da aka yi jiya. "Muna so ya ba da haƙuri. Kuma rukuni na huɗu ba ya son ya tsaya tare da mu gobe."

"Genta-kun, tashi," in ji mai aikin rana.

Ya tashi. Suna ɗaya ne tsakaninsa da gobe, suna mai gaɓa uku, yana nan a kan harshensa. Ya waiga. Shiori ta dafe gefen teburinta da hannu biyu, kanta a ƙasa, kamar mai jiran duka.

"Ba ni na fara ba," ya ce. "Ban karya hannun ba. Na san wanda ya yi."

Aji ya kaure. "Wa? Wa?"

"Ba zan faɗa ba."

"Ƙarya yake yi!" wani ya yi ihu daga baya. "Fatalwa ce ke nan!" Aka kwashe da dariya.

Malama Kuramochi, daga kujerarta a gefen taga, ta tafa sau ɗaya. Aka yi tsit. "Genta-kun bai gama ba."

"Jiya dai ni na juya babana," ya ce. "Kuma in kun mayar zan sake juyawa. Ko za ku cire ni. Kansu na arewa. Babana gobe kaɗai zai huta, jibi zai koma teku. Ba zan bar shi ya kwana kamar gawa ba."

Babu wanda ya yi dariya. Wata yarinya a layin gaba ta rufe bakinta da hannu. Genta ya ga fuskar Kanna ta sauya, fushin ya zube daga kanta, wani abu ya maye gurbinsa. Ba ta nemi izini ba. Ta bar wurinta, ta wuce tsakanin tebura har bayan aji, ta ɗaga rufin, ta ciro jaririn da ita da kanta ta kwantar kai arewa da safe, ta riƙe shi a ƙirji.

"Amma littafi ya ce!" Fumiya ya miƙe kamar zai yi kuka. "Ba ni na ƙirƙira ba! A wurinsu arewa ce wurin daraja, can suke ajiye abin da suka fi girmamawa. Ƙafa ce ba a miƙawa can. In muka juya su, mun yi wa mutanen Mongoliya rashin kunya a cikin gidansu!"

"Gidansu ne, amma ƙanena ne," in ji Kanna.

Malama ta dubi agogo. "Saura minti shida. Sauran rukunoni ku tafi. Rukuni na huɗu, gidanku ne."

Suka rage su huɗu a gaban kantar. Fumiya ya yi ta buɗe littafin yana rufewa, yana jan hanci. Genta ya tsaya a gefe, don har yanzu ba wanda ya ce masa ka tsaya ko ka tafi.

"A kwantar da su gabas mana," in ji Kanna.

"Babu gabas a littafin."

"To ka rubuta da fensir!"

"Na laburare ne!" Ya sake buɗewa, ya bi layin da yatsa har ƙarshen shafi, ya juya, ya dawo. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, kamar ana ƙwace masa wani abu, "Littafi dai bai ce dole su yi barci ba."

Suka dube shi.

"Iyaye da rana za su zo. Wa yake barci da rana?"

Mutanen yumɓu a miƙe suka bushe, ba sa lanƙwasuwa. Dole aka tsayar da su, aka jingina su da bango kewaye da murhu. Genta ya gutsuro zare daga aljihu ya ɗaure babansa da sandar tsakiya don kada ya faɗi. Fumiya na yumɓu ya ƙi tsayuwa sai da aka tokare shi da magogin fensir. Jaririn ba ya tsayuwa, don haka aka rasa yadda za a yi da shi.

"Mama za ta iya goya shi," in ji Shiori. Maganarta ta farko ke nan tun safe.

Ta miƙa hannu. Yatsunta suna karkarwa har ana gani. Kanna ba ta saki jaririn nan da nan ba. Ta dubi hannun, ta dubi fuskar Shiori, ta dubi matar yumɓu mai gashin zare, sannan ta juyo ta dubi Genta, ta daɗe. Genta ya kafa idonsa kan ƙullin da yake yi, bai yarda ya ɗago ba. Yana ji a jikinsa tana lissafi, tana haɗa wannan da wancan, kuma ya san Kanna ba ta taɓa faɗuwa lissafi ba.

Ta buɗe baki. Shiori ta daina numfashi.

"Ki riƙe shi da kyau," in ji Kanna. "Hannunsa ɗaya ne yanzu."

Suka ɗaura jaririn a bayan matar da ɗan guntun bargo. Ƙararrawa ta kaɗa. Kanna ta goya jakarta, ta kai bakin ƙofa, sannan ta tsaya ba tare da ta juyo ba.

"Ɗan tsibiri."

"Na'am."

"Gobe kai za ka ɗaga rufin. Wannan mai tabarau zai karya mana shi." Ta gyara jakarta. "Amma ka sani, mutumin da ya san abu ya ƙi faɗa wa shugabar rukuninsa, ban yarda da shi ba."

"Oho," in ji Genta.

Daga gaɓa jirgi ya yi kuka na farko. Ya sauka benen bibbiyu-bibbiyu, ya tura ƙafa cikin takalman waje bai ko ɗaga dunduniya ba, ya ruga, yana maimaita a ransa yadda zai fara bayani gobe da babansa a tsaye a bayan aji.